Goron Godiya: Musayar Baitoci Tsakanin Malaman Kano

Malamar firamare, Gwale:

Malamai, ga tambaya na ajiye,
Ku amsa a waƙa, ku faɗan gaskiya.
Ɗalibi ya zo da ƙunshi a hannu,
Ya durƙusa, ya ce ga 'yar godiya.
A karɓa ne, ko a ce ya mayar?
Ina iyakar kyauta da toshiya?

Alaramma, Madabo:

Malama, mu a allo da tsarinmu,
Tun kakanni aka share hanya.
Kuɗin Laraba hakkin karatu ne,
Ba ya cikin kyauta ko ɗaya.
In yaro ya kai Sabbi, ya kai Tabara,
Ya kai Yasin, gida sai su shirya,
Waina ko ƙosai su aiko sadaka,
Yara su cinye, a yi Fatiha da murya.
Ran da izu sittin suka cika,
A sayo allo a Kurmi da safiya,
A kai wa mai zayyana tun da sauran kwana,
Aikin gaggawa shi ke jawo kunya:
Tawadar da ƙaro ya yi wa kaɗan,
Gumin hannu ke share ta a tafiya.
Fatiha da farkon Baƙara ake rubutawa,
Malam ya ja baƙi, yaro ya biya.
Sannan uba ya miƙo abin da ya samu,
Rago, ko riga, ko goro ƙwarya.
Ba a yanka masa, ba a rainawa,
A sa albarka, a roƙa masa shiriya.
Yaron da ya ɗauko a ba shi tukuici,
Hannu sake ba ya komawa baya.

Malamin sakandare, Fagge:

Allah gafarta Malam, na ji batunka,
Naka yana zuwa an ƙare wuya.
Mu jan biro ne a hannunmu,
Maki ke sa kyauta ta zam tsiya.
Shadda yadi 5 daga Kantin Kwari,
In ta iske takardun jarrabawa a ajiya,
Mai 38 sai ya koma 40,
Hannu ya rubuta ba da niyya.
Zango uku ne a shekara, kowanne
Jira maki ya shiga rajista gaba ɗaya,
Shugaba ya sa hannu, kati ya isa gida,
Sannan kyauta ta shigo lafiya.
Karɓi a ɗakin malamai, ƙofa a buɗe,
Kada a lungu, ko a gindin bishiya.
Kuɗi ta asusu, katin waya da dare,
Balle daga ɗaliba, mayar, ka huta da tambaya.
In za ka mayar, kada a gaban aji,
Kira uban gefe, ku yi ta ruwan sanyi da dariya.

Malamar firamare, Gwale:

Malam, ka gyara, amma da saura,
Karo-karon aji ke cin zuciya.
Ran 5 ga Oktoba, Ranar Malamai,
Monita ya ɗau takarda yana bibiya,
Ya yanka wa kowa kuɗi, ya jera suna,
Ƙasan takardar kullum sunan maraya.
Kuɗin tararsa zai ba, ya wuni da yunwa,
Ko ya ƙi zuwa, ya ce ba shi da lafiya.
A hana rubuta suna, a hana yanka,
Gwangwani rufaffe ya isa ajiya.
Mai turmin atamfa da mai 'yar wasiƙa,
Fuska guda za a yi musu, da murya ɗaya.

Tsohon hedimasta, Gwammaja:

'Ya'yana, duk kuna zancen mai aiki,
Ku waiwayi wanda ya aje alli baya.
Tsofaffin ɗalibai kan haɗa taro,
Su kama zaure, abinci da hayaniya,
Su miƙa allon yabo mai ƙyalli,
Alhali malam na fama da jinya.
Kafin ku kashe ko sisi, ku aika mutum biyu,
Su gaida gida, su keɓe da Hajiya.
Ita ta san maganin hawan jini ya ƙare,
Ta san rufin da ke yoyo, da kuɗin haya.
Ku je bayan la'asar, kada ku daɗe,
Kowa ya faɗi sunansa da shekarar tafiya,
Ido ya yi rauni, fuskoki sun sauya,
"Ka gane ni?" tambaya ce mai wuya.
Ambulan kuwa a tura ƙarƙashin tabarma,
Ban da hotonsa a Facebook don duniya.

Alaramma, Madabo:

Baba, ka faɗa, sai in ɗan ƙara:
Goron da ya zo ƙwarya guda ɗari ne,
Yayyafa ruwa, ka rufe shi da ganye,
Iskar hunturu ke busar da shi tun a hanya.