Faifan dogon zango a golf ɗin faifai (wasan jefa faifai cikin kwando): wanne ya fi yi muku nisa a fili?

Baban Ilham (Tampere, Finland):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da ƙanƙara ta narke nake sammakon zuwa filin ƙwallon unguwarmu ina gwada faifai uku na jifan nesa: Destroyer na Innova, Zeus na Discraft, da DD3 na Discmania, kamfanin mutanen ƙasar nan. Lambobin da aka buga musu iri ɗaya ne, 12, 5, -1, 3: gudu, shawagi, karkata dama, sai komawa hagu a ƙarshe ga mai jifa da bayan hannun dama irina. To amma a iska kowa halinsa daban. Destroyer ɗina irin robar Innova ce da ake kira Star, giram 175, yana kaiwa wajen mita 85 sai ya kife hagu ya caki ƙasa. Zeus ya fi shi miƙewa kaɗan, DD3 yana tsakaninsu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne tsohon Teebird ɗina mai gudu 7 kusan wuri ɗaya suke sauka. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da hannunsa.

Kawu na Charlotte (Amurka):
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Ba faifan ne da laifi ba, hannunka ne bai kai gudun da yake nema ba tukuna. Lambar farkon nan ba alkawarin nisa ba ce, sharaɗi ce. Faɗin bakin Destroyer ya kai santimita 2.2, na Teebird 1.7, ga su Boss da Nuke masu 2.5, dab da iyakar 2.6 da PDGA, hukumar wasan, ta yarda da ita. Faɗin bakin nan yana rage tirjiyar iska, amma sai an harba faifan da ƙarfin da zai sa ya fara kwantawa dama kafin ya dawo. In bai samu ba, tun daga hannu yake neman hagu.

Na ga haka ƙarara ranar da muka fita da wani matashi ɗan jami'a da ke wuce mita 130 cikin sauƙi. Na miƙa masa Destroyer ɗina, wanda ni a hannuna bai taɓa juyawa ba. Ya sake shi a shimfiɗe, faifan ya tashi ya jingina dama, ya daɗe a haka yana tafiya, can nesa ya miƙe ya dawo a hankali. Faifai ɗaya, iska ɗaya. Ni yanzu Wraith ne a jakata, mai gudu 11, wanda ya sha karo da itatuwa har ya yi laushi. Filayenmu na nan daji ne, layin da zai bi tsakanin itatuwa ya fi min mita biyar ɗin ƙari.

Maman Hanifa (Umeå, Suwidin):
Kawu ya gama magana, sai dai a ƙara da batun nauyi da girman hannu. Yatsuna ba sa zagaye faɗin baki yadda ya kamata, faifan yakan suɓuce kafin in so sakinsa. Da na koma Diamond na Latitude 64, waɗanda masana'antarsu ke Skellefteå arewa da mu, nauyinsa bai kai giram 160 ba, nan take na ga tafiyar da ban taɓa gani ba. Gudunsa 8 ne kawai. A cikin manyan kuwa Tern mara nauyi ne kaɗai ya yi min biyayya. Sai dai ranar da iska ke bugo fuska, ajiye su nake yi, don kifewa dama suke su yi ta gangarawa a ƙasa.

Sannan Baban Ilham, kada ka yanke wa faifai hukunci da sanyin safiyar Afrilu. Roba takan ƙandare, yatsu su mutu, ga rigar sanyi ta ɗaure kafaɗa. Ni a irin lokacin robar mai taushi nake ɗauka, irin su GStar.

Auwalu (Denver, Amurka):
Kawu, a yi min afuwa, ni ba zan ce a ajiye Destroyer ba. Da gaban hannu nake jifa, kuma taurin nan na ƙin juyawa da kuke kuka da shi shi nake nema. Masu laushi irin Hades ko Shryke da na matsa musu sai su birkice. Destroyer kuwa ko na karkata shi wajen saki yakan gyara kansa ya dawo. Nisansa bai kai na Shryke ba a rana mai kyau, amma na san inda zai faɗi.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Garinmu yana kan tudu, kusan mita 1,600 sama da teku, iskar ba ta da kauri. Faifan da ke miƙewa sambal a nan, da na je da shi Houston wajen wana sai ga shi yana birkicewa kamar ba shi ba. Don haka in wani ya ce faifai kaza ya yi masa kaza, a tambaye shi a ina ya jefa.

Kawu na Charlotte:
Haka ne Auwalu, mai gaban hannu lissafinsa daban. Kuma ko Destroyer biyu ka saya rana ɗaya, wani samansa a tashe, wani a shafe, ba za su yi tafiya ɗaya ba. Ni kafin in saya sai na ɗora su kan tebur na duba tashin gefen bakin.

Injiniya (Tallinn, Estoniya):
Ni yadda ake gwajin ne damuwata. Nakan jefa duka daga wannan gefen fili, in tattara, in jefo su daga wancan gefen, don kowanne ya ɗanɗana iskar gaba da ta baya. Nakan kuma sauya wanda nake farawa da shi, saboda faifan ƙarshe kullum gajiyayyen hannu yake samu. Manhajar UDisc tana auna nisa, amma GPS na waya yakan yi kuskuren 'yan mitoci, kuma bambancin da muke nema sau da yawa bai wuce hakan ba. Layukan filin ƙwallo sun fi min gaskiya. Kuma ba jifa mafi nisa nake rubutawa ba, inda akasarinsu suka taru nake dubawa.

Ku tuna bajintar David Wiggins Jr. ta 2016, mita 338 a hamadar Nevada, da Boss mai giram 154 ya yi ta, iska mai ƙarfi na tura shi ta baya. Yaya Baban Ilham, ka samo Wraith ko Tern mai wajen giram 165, ka haɗa da Teebird ɗinka ranar da iska ta kwanta.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wani abokin aikina yana da Wraith, zan aro in gwada yadda Injiniya ya tsara. Maman Hanifa, Tern ɗin naki wace roba ce, kuma giram nawa?