"Wuya ba ta kisa": a bakin wa take da kyau?

Jikan Manomi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Juma'a. Muna zaune a ƙofar masallaci bayan an sauko, wani maƙwabcina lebura mai 'ya'ya shida yana ba da labarin yadda kwanon masara ya gagare shi, har ta kai gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Wani mai hali da ke wurin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haƙuri, wuya ba ta kisa," ya shiga motarsa ya tafi. Na ga yadda fuskar bawan Allahn nan ta sauya, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kakata ma wannan karin maganar ce a bakinta kullum. Ita kuwa tana yarinya aka yi yunwar Kakalaba a ƙasar Kano, ƙannenta biyu a lokacin suka rasu, ɗaya ma a bayan uwarsu ya cika suna kan hanyar neman abinci. Matar da ta ga wannan da idonta, ta yaya za ta ce wuya ba ta kisa? Kuma me ya sa in ta faɗa sai in ji sanyi, amma ranar Juma'ar nan sai na ji kamar an mari mutum? Manya a fahimtar da ni.

Ɗan Zamani:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni a ganina maganar ba gaskiya ba ce, kuma ya kamata mu daina tsoron faɗin haka don kawai ta fito daga bakin magabata. Wuya tana kisa. Ta kashe ƙannen kakarka. Irin waɗannan maganganun ne ake lallashin talaka da su don ya yi shiru. "Mahaƙurci mawadaci," "bayan wuya sai daɗi." Mutum nawa suka yi haƙurin har suka shiga kabari ba su ga wadatar ba?

Malamin Tarihi:
Ɗan Zamani, zafin da kake ji na gane shi, amma bari in ɗan shimfiɗa abin da ya faru a Kakalaba kafin mu yanke wa maganar hukunci.

Daminar 1913 ce ta ƙi, ruwa ya ɗauke hatsi bai nuna ba, daga ƙasar Sakkwato har Barno, har cikin ƙasar da Faransawa ke riƙe da ita. Zuwa bazarar 1914 abin ya kai intaha. Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, amma wannan ya zo a mummunan lokaci. Shekara 10 ke nan da Turawa suka ci Kano a 1903, haraji ya koma na tsabar kuɗi, dole manomi ya fitar da hatsinsa kasuwa da kaka, lokacin da ya fi araha, don ya biya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 aka fara sayen gyaɗa gadan-gadan, mutane da yawa suka karkata gare ta. Da ruwa ya ƙi, sai aka tarar rumbuna ba kamar da ba. Ga kuma jama'a da suka kwararo daga arewa suna neman inda za su sa wa bakinsu. Hukumar Turawa ba ta yi wani agaji na a zo a gani ba.

To abin da nake so ku lura da shi: Bahaushe bai ɓoye waɗannan shekaru ba, suna ya raɗa musu kamar yadda ake raɗa wa jariri. Kakalaba. 'Yar Buhu ta 1927. 'Yar Gusau ta 1942. Muda ta wajejen 1953 zuwa 1954. Tsofaffi da su suke lissafin shekarunsu, ka ji an ce "ana Muda aka yi mini aure." Mutanen da suka mayar da yunwa kalandarsu ba za a ce ba su san tana kisa ba. Sun sani sarai. Saboda haka sai mu nemi abin da suke nufi da maganar, ba mu ɗauka sun yi kuskure ba.

Uwar Biyu:
Malam ya taɓo wurin. Ni kuma ga abin da kunnena ya jiyo: an ce *wuya* ba ta kisa, ba a ce *yunwa* ba ta kisa ba. Ban taɓa jin tsohuwa ta ce yunwa ba ta kisa ba. Kirarin da ake yi wa yunwa daban ne: "yunwa, a ba ki a huta." Wato ita ba ta jin lallashi, ba ta jin wa'azi, abinci kawai take ji. Wuya kuwa ita ce abin da za ka sha kafin ka samo abin da za ka ba ta: tafiyar ƙafa, kwana a daji, cin abin da ba ka saba ba, zubar da girma ka yi ƙodago a gonar wanda da kai ne ke ba shi. Wannan ne aka ce ba ya kisa. Ɗan Zamani, ɗana, kada ka haɗa su.

Ɗan Zamani:
Inna, na ji bambancin, kuma ban taɓa lura da shi ba. Amma wanda ya faɗa wa leburan nan ai yunwa aka kawo masa kuka a kanta, ya amsa da maganar wuya.

Uwar Biyu:
Shi ya sa ta yi ɗaci. Ya ɗauko magana mai kyau ya ajiye ta inda ba wurinta ba.

Bamaraɗiya:
Salamu alaikum. Ku ba ni wuri in faɗi nawa, don ni ba labari aka ba ni ba. Ina da shekara 11 aka yi ta 1984, wadda mu a nan muke kira El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta, hatsin da muka saba samu daga can ya yanke. Garinmu yana arewa da Maraɗi. Maza duk sun watse, wasu sun tsallaka ta ɓarauniyar hanya, aka bar mata da yara da tsofaffi.

Anza ce ta riƙe mu. Wanda bai san ta ba, wani ɗan itace ne da ke zama kore shar ko da komai ya bushe, 'ya'yansa kamar ƙananan ƙwallaye. Tun da asuba muke fita da ƙwarya, mu dawo rana ta take. A shanya, a ɓare, a fitar da ƙwayar. Ɗacinta ba a magana, kuma in aka ci ba a gyara ba tana illa. Sai an jiƙa ta a tulu kwana da kwanaki, kullum a zubar da ruwan a sake wani, ga shi ruwan kansa sai an yi layi a rijiya mai gaba da yawa. Innata kan ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗan gatsa, ta tofar, ta ce "da saura." Mu kuma muna zagaye da ita muna kallon bakinta. Ranar da ta gatsa ba ta tofar ba, ranar sai ka ce salla a gidanmu.

Ban da anza akwai ƙarangiya, wannan mai maƙale wa mutum a zane. Mukan share ta da tsintsiya, a daka a turmi, a sheƙe, a samu 'yar ƙwaya ƙanana da ba ta kai ta gero ba. Yini guda ba ka cika tiya. Hannuwanmu duk ƙaya. Na ga an tona gidan tururuwa an kwashe abin da ta tara.

To a wannan lokacin ne na ji maganar nan da ma'anarta. In na zauna ina kuka na ce ba zan fita ba ƙafata ta tsage, Inna takan ɗaura mini tsumma a ƙafar, ta miƙo mini ƙwarya ta ce, "Tashi, wuya ba ta kisa." Ita ma tata ƙwaryar tana kanta, ga goyo. Ba ta taɓa faɗa mini ita tana zaune ba. Kuma da ƙanwar babana ta rasa jaririnta a wannan shekarar, ba wanda ya je ya ce mata wuya ba ta kisa. Gaisuwa aka yi mata, aka kai mata ɗan abin da ke akwai.

Jikan Manomi:
Allahu akbar. Hajiya, kin sa na ajiye wayar na ɗan jima kafin in iya rubutu. Allah ya jiƙan Inna in ta rigaye mu, in tana raye ya ƙara mata lafiya.

Bamaraɗiya:
Ta rasu, Allah ya jiƙan namu da naku. Amin.

Almajirin Zaure:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in ƙara cewa maganar tana da jela da mutane ke yankewa: "wuya ba ta kisa sai kwana ya ƙare." Da wannan jelar, kakar ɗan'uwanmu ba ta musanta mutuwar ƙannenta ba. Tana cewa ne su kwanansu ya ƙare, ita nata bai ƙare ba, kuma tunda bai ƙare ba dole ta miƙe.

Sai dai kada a fake da ƙaddara a nade hannu. A cikin Suratu Yusuf, da aka fassara mafarkin sarki, ba a ce wa mutanen Masar su yi haƙuri kawai ba. Cewa aka yi su yi noma shekara bakwai, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. Duk wanda ya ga yadda ake jera damman gero a rumbu ba a sussuka ba ya san wannan hikimar. Haka a shekarar toka, zamanin Sayyidina Umar, da fari ya afka wa Madina da kewayenta a shekara ta 18 bayan hijira, Halifa ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu, ya aika wa gwamnoninsa, aka yi ta turo ayarin abinci, ya kuma jinkirta karɓar zakka a shekarar. Wanda yake da iko ko dukiya, nasa rabon a cikin wuya shi ne ya buɗe rumbu. Haƙuri kuma a bar wa wanda ba shi da abin buɗewa.

Ɗan Zamani:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam muna tare. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: masu rumbun ne suka fi kowa iya karin magana.

Malamin Tarihi:
Kuma tarihi ya nuna jama'a ba sa yafe wannan. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba iyaka a duk yankin Sahel, Buzaye da Fulani suka cika garuruwa hannu rabbana. A Nijar an yi ta ƙorafin cewa abincin agaji ba ya isa ga masu buƙata, kuma yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seini Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. A wajenmu kuma, fari bai gama sakin manoma ba sai ga cutar gyaɗa a 1975, daga nan dalar gyaɗar Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Amma mutanen nan ba su watse ba. Suka ƙara wake, suka nemi iri mai saurin nuna, masu fadama suka duƙufa noman rani, matasa suka riƙa tafiya cin rani Legas da Ibadan da Kumasi suna aiko da abin da ya samu. Wannan duk wuya ce, kuma ita ce ba ta kashe su ba.

Ɗan gyara ga kaina: ban ce kowa ya farfaɗo ba. Akwai wanda ya sayar da gonarsa a bazara ɗaya saboda buhu biyu, jikokinsa har yau ba su da ta kansu. Akwai Bafulatanin da ya shigo birni gadi bayan garkensa ya ƙare, bai sake riƙe sanda ba.

Uwar Biyu:
Ni da a ce ni ce a ƙofar masallacin nan, wata zan ɗauko: "ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare." Mutane suna ɗauka a kan mai haƙurin cin gaya kawai take. A wurina har da maƙwabci. Lokacin da miya ta ƙare ne ake sanin wanda zai turo yaro da kwano a rufe bayan magariba, ba tare da kowa ya gani ba. Mahaifiyata ta ce a shekarun farin nan akwai gidan da kullum suke zuba ruwa a tukunya su hura wuta, don yara su yi barci da sa rai, kuma don maƙwabta kada su gane. Wata tsohuwa ce ta lura hayaƙi na tashi amma ba a jin ƙarar turmi a gidan. Ba ta ce komai ba, washegari ta aika musu da dawa a ƙarƙashin wanki.

Jikan Manomi:
Inna, wannan ya tuna mini abin da na manta. Kakata duk damina sai ta sa mu tsinko tafasa da rama da yaɗiya, a shanya a ɗaure a buhu a rataye, ko da kuwa rumbu cike yake. Dusa ba ta yarda a zubar. In muka yi ƙorafin rana, a nan ne take cewa wuya ba ta kisa, tana tsugune tare da mu tana tsinka. Sai yanzu na gane ban taɓa jin ta faɗa wa wanda ya zo roƙo ba. Shi kam fura take dama masa.

Na yi magana da mutum uku a layinmu, mun haɗa abin da ya sauƙaƙa, yau da dare za a kai gidan maƙwabcin namu ta hannun matata.

Hajiya Bamaraɗiya, tambaya ɗaya: anzar nan har yanzu ana cin ta, ko ta tafi da waccan shekarar?

Bamaraɗiya:
Ana ci, ɗan'uwa. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun lalata daminar 2004, da tiyar hatsi ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, mata sun koma wa anza a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram. Ko a shekarar lafiya za ka same ta a kasuwar ƙauye an gyara ana sayarwa, wasu da ƙuli-ƙuli suke haɗawa. Ni kaina na koya wa 'ya'yana mata yadda ake jiƙa ta da yadda ake gane ɗacin ya fita. Babbar ta ce mini, "Inna, me za mu yi da wannan ga shinkafa a gida?" Na ce ta dai riƙe. Na sa ta gatsa da bakinta a kwana na biyu, ta tofar, na sa ta sake gatsawa a na biyar.