Rami na 7 a Pebble Beach: wace sanda kuka ɗauka, a wane wata?

Abban Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai zuwa zan buga golf a filin Pebble Beach da ke gaɓar Kalifoniya. Ramin nan na 7 kimanin yadi 106 ne kawai, ga shi gangare, amma kowa sai ce mini yake shi ya fi ba shi wuya. Waɗanda suka taɓa bugawa a taimaka.

Tsohon Kadi: Wa alaikumus salam. Sau biyu na buga shi, kamar ramuka biyu daban. Na farko a Yuli da safe, hazo bai gama washewa ba, ko ganye ba ya motsi, weji, wato sandar bugun kusa, kawai na ɗauka ƙwallo ta zauna. Na biyu a Fabrairu. Da hunturu, in hadari ya taso, iskar daga kudu take zuwa, wato daga tekun da kake fuskanta, ta doke ka a fuska. Na ɗauki sanda mai lamba 7 ina jin kunyar abokan wasa, ƙwallon ta tashi sama, ta tsaya cik kamar an riƙe ta, ta faɗo cikin yashin gaba. Wanda ya yi min dariya ma can ya same ni.

Maman Ilham: Malam, ai da ƙarfi ka buga shi ya sa. Ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi, iska kuma ta samu abin kamawa ta ɗaga ta. Ni rage lamba biyu nake yi, wato in ɗauki sanda mai kai nesa, in matsar da ƙwallo baya kaɗan, in sassauta hannu don ta tafi ƙasa-ƙasa. Ga sanyi ma yana rage mata tafiya.

Tsohon Kadi: Gaskiyarki Hajiya, sai a rami na 10 na gane haka.

Ɗan Autan Gida: Ni iskar bazara ce ta cuce ni, ba a cika maganarta ba. Bayan azahar ƙasa ta yi zafi, iskar arewa maso yamma ta ƙarfafa, tana turo ka ta baya. Sai ka ɗauka gata ne. Ƙwallona ta sauka tsakiyar filin da ramin yake, ta ƙi tsayawa, ta gangara yashin baya. Saura ƙiris teku ta karɓe ta. Kuma kada ka dogara da ciyawar da ka watsa sama inda kake tsaye, dubi tuta da saman ruwa.

Maman Ilham: A gasar US Open ta 1992 ma, ranar ƙarshe iska ta hana manya sakat a nan. Tom Kite, da ya ci kofin, bai sauka a fili ba, daga gefe ya tsinko ta ta faɗa rami.

Abban Sadiya: Allah ya saka da alheri. Ƙarfe biyu na rana aka ba ni, bari in nemi na safe.