Inshorar lafiya ta kamfani ga ƙaramin yaro: shawarwarin masana a taƙaice

Da aka tattauna batun ko ya dace a saya wa ƙaramin yaro inshorar lafiya ta kamfani, masu aikin inshora da likitocin yara sun ce a fara duba ko yaron yana cikin wani tsari tuni. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke ƙarƙashin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, rajistarsa ta haɗa da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Rigakafin yau da kullum kuwa kyauta ne a asibitin gwamnati, kada a sayi inshora saboda shi.

Sai lissafi. A tara duk abin da aka kashe wa yaron cikin wata 12, gwajin zazzaɓin cizon sauro, magani, ƙarin ruwa, a kwatanta da kuɗin inshorar na shekara. In mura ce da tari kawai, ajiye kuɗi gefe ya fi. Amfanin inshorar na fitowa ne ranar da aka ba yaro gado ko aka ce tiyata.

Takardar yarjejeniya ce aka fi jan kunne a kai. Wasu tsare-tsaren suna sa lokacin jira kafin su biya tiyata, suna iyakance kwanakin kwanciya, suna kuma cire ciwon da aka haifi yaro da shi, irin sikila. A nemi amsar wannan a rubuce, maganar dillali ba hujja ba ce.

Kafin a biya, a taka har asibitin da ke kusa da gida a tambayi masu kati ko suna karɓar wannan kamfanin har yanzu. Kamfani in ya yi jinkirin biya, asibiti kan daina karɓar katinsa, ga yaro jiki zafi rau da tsakar dare ana jiran lambar izinin da kamfanin ke bayarwa kafin a duba shi.