Bin gaɓar tekun Fotugal da ƙafa a watan Janairu

Baƙon Lisbon:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Lisbon, kuma za mu samu hutun mako guda a ƙarshen Janairu bayan jarrabawa. Niyyata ita ce in goya jaka in bi hanyar masunta ta Rota Vicentina, daga Porto Covo zuwa Odeceixe, tafiyar kwana huɗu mai kimanin kilomita 75. Sai dai duk wanda na tambaya yakan ce shi a Afrilu ko Oktoba ya je. Don Allah wanda ya taɓa bin ta da hunturu ya ba ni shawara, musamman a kan wurin kwana, domin ina tunanin ɗaukar tanti don rage kashe kuɗi.

Tsohon Matafiyi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye tantin nan a gida. Hanyar tana ratsa gandun da gwamnati ta keɓe a kudu maso yammacin ƙasar, kuma an hana kafa tanti a cikinsa sai a wuraren da aka tanada, wanda ya saɓa kuwa tara ce. Masauki ya fi araha a Janairu, amma da yawa suna rufewa sai bazara, saboda haka kada ka bar Lisbon sai ka yi magana da masu masaukin kowane zango. Almograve ce ta fi bukatar wannan shiri, domin ƙaramin ƙauye ne. Ni na isa can da magariba ina jin yunwa, na tarar gidan abincin da na sa rai da shi an kife kujerunsa a kan tebura, na kwana da burodi da gwangwanin kifi.

Maman Biyu:
Ni da maigidana mun bi ta a Disamba, kuma abin da ya ba mu wuya shi ne yashi, ba sanyi ba. Ranar farko, daga Porto Covo zuwa Vila Nova de Milfontes, kusan kilomita 20 ce, akasarinta a kan rairayi mai laushi wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, har sai da muka riƙa zama muna zazzage takalma. Tun da rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe shida, ƙanena, ka fita da zarar gari ya waye.

Hunturun can ba irin namu ba ne, da ruwan sama yake zuwa, haɗe da iska daga tekun Atlantika. Hanyar kuma takan bi bakin dutse mai tsayi ba tare da shinge ba, don haka ranar da iska ta yi ƙarfi gara ka hau mota zuwa zango na gaba. Ka bi alamar fenti shuɗi da kore. Kada ka dogara da kwalekwalen da ke tsallaka kogin Mira a Milfontes, ka lissafa cewa ta gada za ka zagaya. Amma fa mun yi sa'o'i ba mu haɗu da kowa ba, kuma kusa da Cabo Sardão mun ga sheƙunan shamuwa a kan duwatsun da igiyar ruwa ke duka.

Malam Na Porto:
Ƙari a kan abin da Hajiya ta faɗa, ka lura da abinci, domin yankin Alentejo, wanda hanyar ke ratsawa, ya shahara da naman alade, har akwai girkin da suke haɗa shi da kayan teku. Ka nemi gasasshen kifi, kuma ka tambayi abin da aka sa a miya.

Baƙon Lisbon:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa ɗaukar tantin, kuma gobe zan fara kiran masaukin Almograve. Hajiya, takalmi mai tsawon wuya kuka sa, ko na gudu ya wadatar?