Yaya ɗan wasa yake zama mugu a fim har a tsane shi?

Ɗan Kallo: Assalamu alaikum. Ina so in fahimci yadda mutumin kirki yake fitowa a matsayin bos har masu kallo su tsane shi da gaske.

Dattijo: Wa'alaikumus salam, ɗana. Gwanin ɗan wasa yakan fara gano dalilin da ya sa mugun yake ganin kansa a kan gaskiya, domin wanda ya yarda da hujjarsa ba ya buƙatar zare ido ko daka tsawa.

'Yar Zariya: Gaskiya ne, Baba, amma murya ma tana da tasiri. Amrish Puri, ɗan wasan Indiya wanda ya fito a matsayin bos Mogambo a fim ɗin Mr. India a 1987, da kaurin muryarsa yake sa gaban mai kallo ya faɗi.

Ɗan Kallo: Na gode. Shin sutura ma tana taimakawa?