Manta-uwa tana ruɓewa a tukunya: ƙasar ce ko ruwan?

Maman Hanifa, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. An kawo tsiron manta-uwa daga kudancin Kaduna, mai fure ruwan ɗorawa da ɗige-ɗige kamar jikin damisa. An dasa shi a tukunya da ƙasar lambu da takin shanu, ana ba shi ruwa kullum, ga shi gindin ya yi baƙi ya yi laushi. Zai rayu a Katsina kuwa?

Malam Lawal mai furanni: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙasar ce ta fara kashe shi. Sunansa na kimiyya Ansellia africana, a daji kan itace yake maƙalewa, saiwarsa iska take sha. Ki tuge shi yau, ki yanke duk inda ya yi laushi da wuƙa mai tsabta, ki barbaɗa garin gawayi a bakin yankan, ya kwana 2 a inuwa. Sai tukunyar ƙasa mai huji 5 ko 6, har a gefe. Ki zuba mata gawayi kashi 2, kowane gutsure kamar goro, tsingaro kashi 1, ɓawon itace busasshe kashi 1. Ki ɗora shi a sama, kada ki binne gindin, ki ɗaure da tsumma a jikin kara har ya kama. In sandunansa, wato kararen da ganye ke fitowa a jikinsu, masu lafiya ba su kai 3 ba, farfaɗowa da wuya. Fararen saiwoyin nan da ke miƙewa sama kamar tsinke, kada a datse su, busasshen ganye suke tarewa ya zama abincinsa.

Yaya Bala, Daura: Malam ya faɗi daidai, saura ruwa. Da damina sai cikin tukunyar ya bushe a ƙara. Lokacin hunturu sau 1 a mako, amma a riƙa yayyafa wa saiwar da safe, don bushewar iskarmu ta fi ta garinsu. A Afrilu zafi na haura 40, a sa shi ƙarƙashin darbejiya inda hantsi kawai zai same shi. Taki kuwa NPK mai narkewa, rubu'in ƙaramin cokali a ruwa lita 4, duk bayan mako 2, sai yana sabon toho.

Malam Lawal mai furanni: A ɗaga tukunyar daga ƙasa, gara na son ɓawon nan. Kuma Hajiya, kada a sake sa a ɓamɓaro daga daji, ya yi ƙaranci. In naki ya yi sanduna 8, ki raba biyu.